Awo Daga Nesa: Wa Ke Duba Shi?

Ya ku malamai da 'yan kasuwa, ga wani al'amari na ƙasar Amurka da ya cancanci tsinkaye. Tun 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, suka kafa asusun jinyar matalauta, watau Medicaid, wanda gwamnatin tarayya da jihohi ke zuba wa kuɗi. Yanzu jihohi da yawa suna biyan wata sabuwar hidima daga cikinsa: a bai wa mai hawan jini ko ciwon sukari na'urar awo ya tafi da ita gida, kullum ya auna, awon ya isa asibiti ta intanet. Tsohuwar ƙauye ta huta da kuɗin mota, kuma akan gano ciwo tun bai kai mutum ƙasa ba. Lalle wannan alheri ne.

Amma fa na'ura ba ta jinya. A 2024 masu binciken ma'aikatar lafiyarsu suka duba asusun tsofaffi, Medicare, suka tarar kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka sa cikin tsarin ba su sami hidimar a cike ba. Wani ba a koya masa sarrafa na'urar ba, wani babu shaidar likita ya yi aiki da awonsa. Ɗan kasuwa ya san sunan wannan: tauye mudu. Talakan da aka tauye wa kuwa bai ma san an tauye ba, balle ya kai ƙara. Mu dai a ganinmu, kada a ba asibiti ko anini daga asusun matalauta sai ya nuna wanda ya karanta awon, da ranar da ya kira majinyacin.