Jikokin Macijin Kusugu Sun Tare a Laburare



Ni mutumin Sandamu ne ta ƙasar Daura, saboda haka tun ina ƙarami nake jin labarin rijiyar Kusugu da macijin nan mai suna Sarki, wanda ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare masa kai. Da na ɗauka zancen maciji ya ƙare tun can. Ashe ya bar jikoki, ga su nan sun tare a laburarenmu, waɗansu da katin ɗalibi a aljihu, waɗansu kuwa har da ofis da kujera mai juyawa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A zangon da ya wuce an ba mu aiki a kan tarihin rubutun boko, sai na tafi neman Hausa a Rubuce na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, wanda aka buga a 1988. Kwana uku ina zarya. Rajista ta nuna akwai kwafi biyu. Ɗaya an are shi tun bara ba a maido ba. Ɗayan kuwa da ƙyar na gano shi, ina buɗewa sai na tarar an bi babin da nake nema da reza an yanke shi tsaf. Haba ɗan'uwa! Kai kaɗai aka ba wa aikin?

Duk da haka kullum sai ka ji ana ƙorafi a ɗakunan kwana wai dokokin laburare sun yi tsauri. Don me za a ce in ajiye jakata a ƙofa? Don me za a bincike ni in zan fita, ni ɓarawo ne? To jama'a, bari mu duba su ɗaya bayan ɗaya. An hana shiga da abinci ne domin ɓurɓushin gyaɗa da burodi shi ke gayyato ɓera da kyankyaso, su kuwa ba su san darajar takarda ba. An hana kama kujera da littafi domin kada mutum ya aza kundinsa da hantsi ya tafi yawo, ɗan'uwansa yana tsaye har azahar. An ce a rufe bakin waya domin zauren karatu ba tashar mota ba ce.

Akwai kuma dokar da ta ce in ka gama da littafi ka bar shi bisa tebur, ma'aikata su mayar. Mutane da yawa ba su san dalilinta ba. Galibin laburaren jami'o'inmu suna bin tsarin jera littattafai na laburaren majalisar dokokin Amurka, inda kowane fanni yake da haruffansa. Harshen Hausa yana ƙarƙashin PL, kimiyyar harhaɗa sinadarai tana QD. To macijin zamani sai ya ɗauki littafin nahawu daga PL ya cusa shi cikin QD, shi kaɗai ya san ramin, sai bayan jarrabawa a gano shi. Littafin da aka sauya wa gurbi da wanda aka sace duk ɗaya ne a wurin mai nema.

Wani zai ce laifin hukuma ne da ba ta sayo littattafai isassu ba. Na yarda littattafai sun yi kaɗan, kuma ina cikin masu kukan haka. Amma in ruwa ya yi ƙaranci a rijiya, sai mai guga ya tsinka igiyar kowa? Wani kuma zai ce ai akwai intanet. Madalla, sai dai mu 'yan sashen Hausa mun san yawancin kundayen digiri da tsofaffin mujallu da muke dogaro da su ba su hau can ba. Ƙamusun Bargery na 1934, mai shafi fiye da 1,200, a 1993 Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi, watau kusan shekara sittin bayan bugun farko. Wanda ya yage shafi a irin wannan littafi, yaushe yake zaton za a mayar? Ga shi kuma yau kusan kowa yana da waya mai ɗaukar hoto, ga injin fotokwafi, mai reza ba shi da sauran hanzari.

Ɗan mai kuɗi in bai sami littafi a kanta ba, kasuwa zai aika a sayo masa. Ni kuwa da mahaifina ya sayar da gero da tunkiya kafin ya haɗa mini kuɗin rajista, ba ni da wata rijiya sai wannan. Dokar da ake zagi ita ce garkuwata, ni da ire-irena.

Yanzu kuma malamanmu, a gafarce ni, gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Ɗalibi in ya makara da kwana biyu sai ya biya tara, in bai maido littafi ba a riƙe takardar sallamarsa. To yaya littafi zai shekara a ofishin malami, ƙura ta rufe shi, ba mai iya tambaya? Wannan kwafi na biyu da na rasa, daga baya a kantar wani ofis na hango shi. A 1645 Sarkin Ingila Charles na Ɗaya ya aika a ara masa littafi daga laburaren Bodleian na Jami'ar Oxford, aka hana shi, domin dokar gidan ta ce ba a fita da littafi. Sarki guda ya haƙura. In doka ta hau kan sarki, ina dalilin da za ta tsallake mai digiri uku?

Kada a ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. A makarantun zaure na ƙasarmu, almajiri kan ari littafin malaminsa rubutun hannu, warƙa-warƙa cikin gafaka ba ɗinki, ya kwafe, ya maido ba tare da ko ɗaya ta ɓace ba, domin ya san amana ce, kuma yana tsoron rasa albarkar karatu. Ba mai gadi, ba kati, ba tara. Mu da muke taƙama da boko sai an laluba mana hammata a bakin ƙofa. Wannan abin kunya ne.

Saboda haka ina kira da abu uku. Na farko, wa'adin aro ya zama yana aiki a kan kowa, a riƙa aika wa malami takardar tuni kamar yadda ake yi wa ɗalibi. Na biyu, littafin da malami ya ɗora wa aji a sa shi sashen ajiya, inda ake ba da shi na sa'o'i kaɗan a karanta a nan take. Na uku, ƙungiyarmu ta Hausa ta ware rana guda kowane zango, mu taya ma'aikata bin kantocin PL muna tantance abin da ya ɓace da abin da aka yage.

Bayajida ba zai dawo ba, 'yan'uwa. In ka ga abokinka da reza a zauren karatu, ka riƙe masa hannu, ko da kuwa ɗakinku ɗaya.

Allah Ya sa mu gane. Wassalam.