Ƙaramar Bindiga Cikin Aljihu: Shawara Ga Dattawa Da Matasanmu



Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani matashi cikin 'ya'yanmu ya jira har mutane suka watse, sa'an nan ya matso ya durƙusa ya ce, "Baba Fasto, ina da tambaya, amma ina roƙo kada Mama ta ji." Ya sayar da masararsa, kuɗi yana hannunsa, wani kuma ya yi masa alkawarin ƙaramar bindiga irin wadda ake sokewa a ƙugu a rufe da riga. Bai zo neman izini ba. Abin da yake so mu gaya masa shi ne wacce zai zaɓa: libarba mai cin harsashi 6, ko kuwa ƙirar gida wadda ta fi araha. Da muka tattauna da 'yan'uwanmu fastoci na Ikara da Makarfi da Kudan, sai muka tarar ba shi kaɗai ba ne mai wannan tunani. Shi ya sa muka ga ya kamata a fito da maganar fili, gama abin da ake raɗa a bayan majami'a gara a faɗe shi a gaban dattawa.

Ba mu ga laifin tsoron yaron nan ba. Manyanmu suna tune da Maris 1987, lokacin da rikicin Kafanchan ya bazu har Zariya aka ƙone majami'u, matasa kuma sun ga abin da ya biyo bayan zaɓen Afrilu 2011. A ranar 5 ga Yuli 2021 aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun. Nan kusa da mu kuma, daren 1 ga Satumba 2023, 'yan bindiga suka shiga Saya-Saya a ƙasar Ikara lokacin sallar isha'i suka kashe mutum 7, har da shugaban 'yan bangan garin. Manyan ƙasa ma sun yi irin maganar da yaron ya yi. Janar T. Y. Danjuma ya ce wa mutane su kāre kansu a Jalingo cikin Maris 2018. Gwamna Aminu Masari na Katsina ya faɗi haka a 2021, Gwamna Bello Matawalle na Zamfara kuma a Yuni 2022 ya ce jama'arsa su nemi lasin bindiga. Idan gwamna mai jami'an tsaro a ƙofarsa ya faɗi haka, ina ga talaka mai kwana a gefen daji?

Duk da haka amsarmu ga yaron ita ce kada ya zaɓi ko ɗaya, kuma ita ce amsarmu ga kowane mai bi a wannan yanki. Ga dalilanmu.

Na fari, doka. Da yawa cikin matasanmu a waya suke ganin yadda Amurkawa suke gwada ƙananan bindigogi suna zaɓen wadda ta fi sauƙin ɓoyewa. Su can tsarin mulkinsu ya ba su 'yancin riƙe makami tun 1791. Mu nan Dokar Bindigogi ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa ne kaɗai yake iya ba da lasinsu, kuma fistol da libarba suna cikin wannan kashi tare da bindigogin soja. Kashi na biyu, irin su bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne na ɗuri, irin bindigar toka ta maharba, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha yake ba da izininsu. Ashe ƙaramar nan da ake ganin ba komai ba ce, ita ce doka ta fi tsananta wa, domin ana iya ɓoye ta. Dokar fashi da makami ta 1984 kuma ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba lasin. Maganar Gwamna Matawalle ma ba ta sāke wannan ba, gama Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da ikon ba da irin wannan umarni. Yaron da aka tsayar a shingen bincike tsakanin Tashar Yari da Zariya aka lalubo fistol a ƙugunsa, ba za a rubuta shi a matsayin manomi mai tsoron Allah ba. Tare da 'yan fashi za a jera shi.

Gaskiya ne sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda mutum ya kāre kansa daga wanda ya zo masa da mugunta. Amma kotu ce take auna ko ƙarfin da ya yi amfani da shi ya wuce kima. Mu tuna da Sunday Jackson, manomin nan na jihar Adamawa, wanda ya ce wani ya far masa da wuƙa a gona, ya ƙwace wuƙar ya kashe shi da ita. An yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a Maris 2025, sai a Disamba 2025 gwamnan jihar ya yafe masa, bayan ya yi kimanin shekara 10 a tsare. Wannan fa wuƙar maharin ce. Yaya shari'ar wanda ya fito daga gida da haramtacciyar bindiga a aljihu za ta kasance?

Na biyu, ƙaramar bindiga ba za ta yi aikin da ake sa rai ba. Waɗanda suke shiga ƙauyukanmu ba ɗaiɗai suke zuwa ba. Ayari suke yi a kan babura, riƙe da AK-47 wadda take cin harsashi 30, tana kuma samun mutum daga nisan mita 300. Fistol kuwa ko a hannun ƙwararre da wuya ta yi amfani bayan mita 50, balle a hannun wanda bai taɓa harbi ba, cikin duhu, jikinsa yana rawa. Ƙirar gida ta fi muni, gama da bututun ƙarfe maras ƙwari ake yin ta, takan fashe a hannun mai ita. Wanda ya harba ɗaya cikin dare ya nuna wa maharan ɗakin da za su buɗe wa wuta, matarsa da 'ya'yansa kuwa suna ciki.

Wasu sukan kawo mana labarin wata majami'a a jihar Teksas ta Amurka, inda a Disamba 2019 wani mai gadi ya harbe ɗan bindiga cikin 'yan daƙiƙu. Haka aka yi. Amma mutumin nan mai koyar da harbi ne, ikilisiya ce ta ɗora shi a kan aikin, doka ta san da shi, maharin kuma mutum ɗaya ne, duk da haka sai da masu sujada 2 suka mutu. A wannan ƙasa tasu, cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a 2021, fiye da rabi kansu suka kashe. Bindigar da take gida ba ta jiran ɗan fashi kawai. Tana nan ranar da aka yi faɗa a kan iyakar gona, tana nan ranar da miji ya yi fushi, tana nan ranar da ƙaramin yaro ya ɗaga katifa.

Na uku, kuma wannan ne ya fi damunmu: mu 'yan tsiraru ne. A Paki ko Gimi ko Hunkuyi, majami'armu ɗaya ce a tsakiyar masallatai da yawa, kuma maƙwabtanmu Musulmi danginmu ne, harshenmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, wani lokaci kakanmu ɗaya. Abin da ya riƙe mu a nan shekara da shekaru, bayan alherin Allah, shi ne an san mu, an san ba ma ɓoye komai. Ranar da aka kama ɗan ikilisiya ɗaya da fistol, ba sunansa za a kira a kasuwa ba. Cewa za a yi Kirista suna tara makamai a coci. Mun san yadda jita-jita take gudu a ƙasar nan, mun kuma san abin da takan haifa kafin gari ya waye. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ba daidai ba ne mutum ɗaya ya saya wa kansa kwanciyar rai da kuɗin masara, ya bar gwauraye da tsofaffin ikilisiya su biya sauran.

Yaron nan ya karanta Littafi Mai Tsarki, ya kuwa kawo mana Luka sura 22, inda Ubangiji ya yi wa almajirai zancen sayen takobi. Muka ce masa ya ci gaba da karatu. A wannan dare ɗin ne Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, Ubangiji kuwa ya tsawata masa, ya kuma warkar da kunnen. Cikin dukan Ayyukan Manzanni, an jefe su, an ɗaure su, an kore su daga gari zuwa gari, ba mu ga inda wani manzo ya ɓoye makami a riga ba. Ya kawo Nehemiya, wanda maginansa suka yi aiki da makami a hannu. Amma Nehemiya gwamna ne, da wasiƙun sarki ya zo, a fili ya jera masu tsaro, akwai mai busa ƙaho, kowa ya san wurin da zai tsaya. Mu dubi Bulus kuma a sura 23 ta Ayyukan Manzanni. Da mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa za su kashe shi, ɗan 'yar'uwarsa ne ya ji labari, Bulus ya aika shi wurin shugaban soja, aka fitar da shi da dare da rakiyar mayaƙa 470. Kunnen yaro da ƙofar hukuma ne Allah ya yi amfani da su.

Kada wani ya ce fastoci sun ce a naɗe hannu a jira yanka. Ba mu faɗi haka ba. Kāre iyali hakki ne a wuyan kowane magidanci, kuma ba za mu hukunta wanda ya tsaya a ƙofar ɗakinsa da abin da ya samu ba. Mun kuma sani sau da yawa akan kira hukuma ta iso bayan an gama ɓarna. Abin da muke cewa shi ne tsaronmu ya zama a fili, bisa doka, tare da jama'a. Saboda haka muna ba dattawa shawara kamar haka.

Kowace ikilisiya ta kafa kwamitin tsaro, a kai sunayensu ga Mai Unguwa da Dagaci da baturen 'yan sanda na yanki. Matasanmu masu ƙarfi su shiga 'yan bangan gari tare da maƙwabtansu Musulmi, gama waɗanda suka shiga masallacin Saya-Saya ba su tambayi addinin kowa ba. A 2023 gwamnatin Uba Sani ta ɗauki mutum 7,000 cikin rundunar sa-kai ta jihar Kaduna. Duk lokacin da aka buɗe irin wannan ƙofa, dattawa su tura 'ya'yanmu, kada a bar mu a baya. Maharbanmu masu bindigar toka su tabbatar suna da izini. A sa masu gadi a waje lokacin sujada, a daidaita lokacin addu'ar dare bisa ga halin da ake ciki, a shirya ƙararrawa ko usur da kowa ya san ma'anarsa, Zumuntar Mata da ta Matasa su koyi tsayar da jini da ɗaure rauni. Fasto da limamin gari su riƙe lambar wayar juna, domin a kashe jita-jita tun tana ƙarama. Kada a shiga majami'a da ɓoyayyen makami, ko wane ne.

Wanda kuma ya riga ya saya, kada ya jefa ta rijiya, kada ya sayar wa wani. Ya zo wurin fastonsa a asirce, a nemi lauya, a san hanyar da za a miƙa ta ga hukuma. Dattawa kuma kada ku tona asirinsa a gaban taro, gama tsoro ne ya kai shi.

Yaron da ya zo wurinmu bai tafi da murna ba. Ya ce, "Baba, in sun zo fa?" Muka ce masa ba mu da alkawarin cewa ba za su zo ba. Amma in sun zo, gara su tarar da gari a farke da mutum ɗaya mai harsashi 6. Mun roƙe shi ya mayar da kuɗin ga taki, ya kuma ba da sunansa cikin masu gadi. Muna roƙon kowane dattijo ya zauna da matasan ikilisiyarsa a kan wannan magana kafin wata mai zuwa, kada a jira sai an kira mu ofishin 'yan sanda ko maƙabarta.

Ubangiji ya tsare fitarmu da shigarmu, ya ba shugabanninmu zuciyar yin adalci, ya ba ƙasarmu salama. Amin.