Ɓarawon Da Ba Ya Haura Katanga

'Yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari da Dawanau, yau maganarmu a kan ɓarawon da ba ya haura katanga. Waya kawai yake bugowa, ya ce daga banki yake, wai za a rufe ajiyarka kafin la'asar in ba ka karanto masa lambobin katinka da lambar da ta shigo wayarka yanzu ba. Ka karanta, ya kwashe.

Waɗansu suna cewa rashin ilimi ne. Mu ba mu yarda ba. Mun ga akawuna da malaman makaranta sun faɗa tarkon, mun kuma ga tsohuwa mai daddawa ta kashe wayarta ta ci gaba da ciniki. Halin mutum ɓarawon nan yake karantawa, gama kowa da ƙofar da ake shigarsa.

Mai kwaɗayi shigarsa ba wuya. MMM ta yi alkawarin riba kashi 30 cikin ɗari kowane wata, ta rufe ajiyar mutane a Disamba 2016; CBEX kuma ta watse da kuɗin jama'a a Afrilu 2025. Mai gaggawa, da an ce masa "yanzu-yanzu" sai hankalinsa ya tashi. Mai tausayi kuwa, saƙo za a aiko masa da sunan ƙanensa, wai yana kwance asibiti.

Amma wanda ya fi damunmu shi ne mai kunya. Tun muna yara aka hore mu kada mu yi wa na gaba musu, kada mu tambayi mai ofis dalili. To, ga murya mai natsuwa tana kiransa Alhaji, ta san sunansa da na bankinsa. Zuciyarsa ta raya masa akwai lauje cikin naɗi, amma yana jin nauyin ya ce, "Kai wane ne?" Ladabin da iyaye suka koya masa, da shi aka yanke shi. Sa'an nan kunyar dai ita ke hana shi gaya wa maƙwabcin rumfa, gobe ɓarawon ya bugo wa maƙwabcin.

Bankuna da kansu sun sha faɗi cewa ma'aikacinsu ba ya tambayar lambar sirri. Saboda haka duk wanda ya tambaye ka, komi daɗin bakinsa, kashe wayar ka tafi reshen bankinka da ƙafarka. In kuwa an riga an kwashe, ruga a toshe katin nan da nan, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ka kuma faɗa wa shugaban layinku ya sanar a kasuwa.