Barcin kwamfuta da kayan ɗaukar sauti: a gwada kafin a biya



Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa ne. A wurin ɗan Adam maganar ta tsaya a karin magana, tun da ya ke kowace safiya, da yardar Ubangiji, mutum yakan tashi da hankalinsa da ƙafafunsa. Amma a wurin na'urorin da gidajen rediyo da ɗakunan ɗaukar waƙa ke aiki da su, sau da yawa ƙanin yakan yi aikin wan: kwamfuta ta yi barci ta farka, akwatin sautin da ke haɗe da ita kuwa ya ƙi tashi. Wani zai ce wannan damuwar masu gyara ce. To amma ta taɓa aljihun ɗan kasuwar da ya shigo da kayan, ta kuma taɓa sa hannun ma'aikacin da ya karɓe su da sunan hukuma.

Tun daga shekarar 1994, lokacin da rediyo mai zaman kansa na farko ya fara magana a Yamai, tashoshi suka yi ta ƙaruwa a ƙasar nan. A Damagaram, bayan tashar jaha ta ORTN, gidaje irin su Anfani da Shukura sun buɗe, sa'an nan rediyoyin karkara, waɗanda aka soma kafawa a Nijar a 1999, suka bazu cikin gundumomi. A da, aikin duka na kaset ne: a danna, ta juya, a ga tana juyawa da ido. Yau kuwa daga mai karanta labarai har matashin da ke ɗaukar waƙar biki a wani ɗaki cikin Zango, kowa da kwamfuta ya ke aiki, a gefenta da wani ɗan akwati mai ramukan makirfo, wanda masu sana'ar ke kira kart-son. Aikin wannan akwatin shi ne ya karɓi murya daga makirfo ya mai da ita lambobi, ya tura wa kwamfuta ta igiyar USB.

Barcin kwamfuta kuwa da gangan aka ƙirƙiro shi. A 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da tambarin Energy Star domin ƙarfafa ƙera na'urori masu rage shan wuta in ba a aiki da su. A ƙarshen 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka haɗu suka tsara ƙa'idar da a ke kira ACPI, wadda ta raba barcin hawa-hawa. Akwai wanda za mu kira gyangyaɗi, mai lamba S3: kusan kome ya tsaya, sai ƙwaƙwalwar aiki kaɗai a ke ba ƴar wuta kaɗan domin ta riƙe abin da ke cikinta. Mai gyangyaɗi yana saurin farkawa, amma in wuta ta yanke masa gaba ɗaya, duk abin da ba a adana ba ya tafi. Akwai kuma barci mai nauyi, mai lamba S4: kwamfuta ta kwashe abin da ke ƙwaƙwalwarta ta rubuta a faifan ajiya, sa'an nan ta mutu sarai, ko an yi mako babu wuta za ta tashi inda ta kwanta. Daga baya, tun zamanin Windows 8 a 2012, aka shigo da na uku, wanda ya cika sababbin kwamfutocin hannu, wato barcin zomo: fuska ta yi duhu, amma ciki ido buɗe ya ke, tana ɗan aiki a ɓoye, batir kuma yana raguwa.

Me ya sa akwatin sauti bai jure wa wannan barci kamar yadda linzamin kwamfuta ko injin buga takarda ke jurewa? Dalilin farko shi ne sauti ba ya jira. A aikin rediyo akan auna murya sau dubu 48 cikin sakan guda. Kwamfuta ba ta karɓar awon ɗaya bayan ɗaya, a ɗan kwano a ke tara mata shi, kuma kwano mai cin awo 128 yakan cika kafin kashi 3 cikin 1000 na sakan su wuce. Mutumin Damagaram, wanda ya san darajar ruwa, zai gane misalin: famfo ne da ba a rufewa, a ƙarƙashinsa ƙaramin kwano, dole a sami mai juyewa ba ƙyaftawa. Saboda haka akwatin da kwamfutar tilas su yi tafiya a kan agogo ɗaya. Barci yakan tsinke wannan tafiya, bayan farkawa kuma sai an sake daidaita agogon daga farko.

Dalili na biyu shi ne wuta. Ƙa'idar USB ta ce duk na'urar da ta ji igiya ta yi shiru na kashi 3 cikin 1000 na sakan, to ta kwanta, kada kuma ta ja fiye da miliamfa 2 da rabi, alhali a farke tana da izinin jan har 500 a ramin USB 2.0. Wato abincinta ya ragu sau 200. Ga shi kuwa akwatin da ke shan wuta daga igiyar, da wannan bolt 5 ɗin ya ke haɗa bolt 48 da manyan makirfon sitidiyo ke bukata, tsarin da kamfanin Neumann na Jamus ya fito da shi a 1966. In barci ya zo, wannan wutar takan ɗauke, in an farka ta dawo da ƙara mai kama da harbin bindiga a lasifika.

Dalili na uku shi ne tafinta. Tsakanin akwati da shirin ɗaukar murya akwai wani ɗan shiri da a ke ce wa direba, wanda aikinsa fassara ne. A kan Windows yawancin ƙwararru suna bin hanyar ASIO, wadda kamfanin Steinberg ya fito da ita a 1997 domin sauti ya wuce kai tsaye babu jinkiri. Idan kamfanin da ya ƙera akwatin bai koya wa tafintansa yadda zai tuna abin da a ke ciki kafin barci ba, sai kwamfuta ta farka ta ga akwatin kamar baƙon da ya sauka yanzu, shirin ɗaukar murya kuwa yana nan yana kiran wanda ya sani jiya, ba amsa. Wani lokaci a ga saƙon kuskure, wannan da sauƙi. Mafi muni shi ne shirin ya koma wa ɗan makirfon da ke jikin kwamfutar ba tare da ya faɗa wa kowa ba, a yi hira ta sa'a guda, sai an zo saurare a tarar da ƙugin fanka da muryoyi daga nesa.

Kamfanonin sun san da wannan. Maganin da su ke bayarwa a rubuce ya ke cikin takardun shawararsu, har da na Focusrite na Ingila, wanda jajayen akwatunansa suka cika ɗakunan ɗaukar sauti na duniya: a hana kwamfuta barci, a hana ramukan USB kwanciya, a bar injin a kan cikakken ƙarfi. Shawara ce mai kyau ga wanda ke zaune a London ko Hamburg, inda wuta ba ta ƙyaftawa, ɗaki kuma da sanyi.

A nan gida lissafin dabam ne. Layin kilobolt 132 da aka ja daga Katsina ya biyo ta Gazawa shi ne ya daɗe yana ciyar da Damagaram da Maraɗi. A farkon watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, Najeriya ta yanke wutar da ta ke ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, ba ta kuwa dawo ba sai a watan Maris na 2024, bayan an ɗage takunkumin. Wanda ya yi aiki cikin waɗannan watanni bai bukatar a gaya masa tsadar kowane wat. Ko a shekarar lafiya ma, watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, su ne watannin da kuran ya fi yankewa.

Mu yi lissafi. A ce kwamfutar tebur da fuskarta suna shan wat 100. In an bar ta a farke sa'o'i 16 a kowace rana ba aikin fari ba na baƙi, ta sha kilowat-awa 48 a wata, duk a takardar NIGELEC. Batir mai bolt 12 da amfa-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1200, amma irin na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, wato 600. Kwamfuta a farke za ta cinye wannan cikin sa'o'i 6, ko ƙasa da haka in an cire abin da ke ɓata a hanya. Mai gyangyaɗi da ke shan wat 3 kuwa za ta yi kwana 8 a kansa. Ƙari a kan haka, injin da ba ya barci fankarsa ba ta hutawa, tana zuƙar ƙurar hunturu dare da rana har cikinsa ya toshe. Ashe ke nan, in aka ce wa mai rediyon karkara da ke rayuwa a kan faranti biyu na hasken rana ya hana kwamfutarsa barci, an ce masa ne ya zaɓa tsakanin shirin safe da na dare.

Abin da ke iya ɓata kuwa ya wuce kuɗi. Muryar Mu'azu Ɗan Alalo ta iso kunnen ƴan yau ne domin wani ya ɗauke ta, kaset kuma ta riƙe amana. Labarin zamanin Sarki Tanimun, da ganuwar Birni, da fataken da ke zuwa Tarabulus, sashe mai yawa nasa a bakin tsofaffi ya ke, ba a takarda ba. Tsohon da ya yarda ya zauna da ɗan jarida yau, babu mai lamunin samunsa baɗi. Haka karatun malami a azumi, haka zaman majalisar gari da doka ta nemi a ajiye shaidarsa. Waƙar biki ana iya sake ta, waɗannan ba su dawowa.

Don haka ga ƴan kasuwarmu masu sayo kaya daga Kano da Legas da Dubai, magana ɗaya ce: gani ya kori ji. Kwali ba ya faɗin ko akwati yana farkawa, gwaji ne ke faɗi, gwajin kuwa bai kai minti 10 ba. A haɗa akwatin, a buɗe shirin ɗaukar murya, a kunna bolt 48, a yi magana a ga alama tana motsi. A sa kwamfutar barci, a dakata minti guda, a tashe ta, a sake magana ba tare da an taɓa igiya ba. A maimaita sau 5, ɗaya daga ciki ya zama barci mai nauyi, sa'an nan a saurari abin da aka ɗauka da kunne. A kuma tambaya ko akwatin yana aiki ba tare da direban kamfaninsa ba. Akwai ƙa'ida ta bai ɗaya ta sauti a kan USB, ta farko a 1998, ta biyu a 2006, wadda kwamfutocin Apple da Linux suka daɗe da saninta, Windows 10 kuma ya karɓi ta biyun a 2017. Akwatin da ke bin ta yakan ci gaba da aiki ko kamfaninsa ya daina kula da shi, abin da ke da muhimmanci ga mai sayen kayan gwanjo. Ɗan kasuwar da ya iya cewa a Kasuwar Dole, "Na gwada shi, yana tashi", ya fi maƙwabcinsa hujjar ɗora riba, kuma kayansa ba za su dawo masa da rigima ba. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Ga ma'aikatan da ke rubuta takardar sharuɗɗan kwangila, a ma'aikatun gwamnati ko a ƙungiyoyin da ke tallafa wa rediyoyin karkara, muna roƙon layi ɗaya tak: kayan sauti su koma aiki da kansu bayan barcin kwamfuta da bayan yankewar wuta, kuma a nuna haka a gaban kwamitin karɓar kaya kafin a sa hannu. An saba ƙirga kwalaye a duba lambobi a tashi. Ƙirga kwali ba gwaji ba ne, dukiyar kuwa ta talakawa ce. Duk abin da mai saye ya rubuta a takarda, shi dillali zai nema a wurin babban dillali, har maganar ta kai kunnen mai ƙerawa. Turai ta nuna misali: dokar da ta kafa a 2008 ta ƙayyade wa kayan lantarki na gida da na ofis wat 1 a lokacin jira daga 2010, rabin wat daga 2013, kamfanoni kuma suka bi domin ba su son rasa kasuwa. Mu ba mu da girman kasuwar Turai, amma muna da ikon ƙin karɓar abin da bai yi mana ba.

Su kuma masu aiki da kayan, kafin kasuwa ta gyaru, su raba injunansu gida biyu. Kwamfutar da ke watsa shiri kai tsaye, wannan kam kada ta runtsa, a ba ta ondilar da batir nata na kanta, a nan shawarar kamfanoni daidai ta ke. Amma ta haɗa shiri da ta fita daji, a bar su su yi barci mai nauyi, bisa sharaɗin a adana aiki a rufe shirin ɗaukar murya tukuna, a kashe lasifika da farko, in an dawo kuma a kunna ta daga ƙarshe. A sani cewa shiri na kirki yakan hana kwamfuta barci muddin yana ɗauka, amma bai da iko a kan wanda ya rufe murfi, ko batirin da ya kai gargara. A sani kuma cewa tun daga Windows 8, kashe kwamfuta ta hanyar da aka saba rabin barci ne, domin akwai tsarin saurin tashi da ke ajiye direbobi yadda su ke, shi ya sa akwatin da ya ƙi farkawa yakan warke in an zaɓi sake kunnawa, ya ƙi warkewa in an kashe an kunna. Kafin kowace hira kuwa, a ɗauki sakan 10 a saurara, ko da mai martaba ne ke jira.

Ƙasar da wutarta ke da tsada ita ta fi kowa cancantar na'urar da ta iya kwanciya ta iya tashi. Hakkinmu ne mu nema, tun daga kanti har teburin kwamiti.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.