Ƙanƙara na kashe ciwon daji, amma sai an zo da wuri

Jama'a, akwai wata hanyar magance ciwon daji da nake so mu tattauna a kai, musamman mu maza da muka haura arba'in. Likitoci na kiranta kirayo'abileshan, wato kashe ƙari ta hanyar daskarar da shi. An fi amfani da ita a kan ƙarin ƙoda da na furostet, ƙullutun nan mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Ga yadda ake yi. Likita zai soka wasu siraran allurai ta cikin fata har su kai ga ƙarin, yana kallon hoton cikin jiki a na'ura don kada ya kauce. Sai a tura iskar agon cikin allurar, bakinta ya yi sanyi, ƙanƙara ta taru ta lulluɓe ƙarin. Idan sanyin ya kai kusan digiri 40 ƙasa da sifili, ƙwayoyin dajin sai su farfashe, ƙananan jijiyoyin da ke kai musu jini su toshe. A bar wurin ya narke, a sake daskarar da shi. Ba a farke ciki, kuma galibi majiyyaci kan koma gida a ranar ko washegari. Dabarar ma ta daɗe. Tun wajajen 1850 wani likitan Ingila, James Arnott, yake haɗa ƙanƙara da gishiri yana ɗora wa masu ƙari don rage musu zafi.

Abin sha'awa ne, ko? To amma akwai sharaɗi. A ƙoda, ƙaramin ƙari ake yi wa, wanda bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. A furostet kuma, sai dajin yana nan inda ya tsiro, bai tsallaka ba. Da zarar ya shiga ƙashi, zancen allurar ƙanƙara ya ƙare, sai a koma magungunan rage masa gudu. Kuma hanyar tana da nata lahani. Idan aka daskarar da furostet gaba ɗaya, maza da yawa kan rasa ƙarfin kusantar iyali, wasu kuma su sha fama da riƙe fitsari.

Damuwata ita ce mu ba ma zuwa da wuri. Dajin furostet shi ne ya fi kowane daji kama maza a Najeriya, kuma a farkonsa sau da yawa ba ya nuna wata alama. Ƙungiyar Prostate Cancer UK ta ce a Birtaniya baƙar fata 1 cikin 4 zai kamu da shi a rayuwarsa, alhali a maza gaba ɗaya 1 cikin 8 ne. Ko Joe Biden, tsohon shugaban Amurka, da aka sanar da ciwonsa a Mayun 2025, ya riga ya kai ƙashi. Ina ga mu da sai fitsari ya tsaya cak ake kinkimar mu zuwa asibiti? Kafin nan an sha saiwa, an sha maganin basir, an ce sanyi ne, an ɓoye wa uwargida saboda kunya. Ƙoda ma haka take: ƙananan ƙarinta yawanci a hoton da aka ɗauka don wani ciwon daban ake cin karo da su.

Shi ya sa idan na ji ana cewa gwamnati ta sayo irin wannan na'ura, nakan ce madalla, amma a fara da farko. Wa za a yi wa aikin idan marasa lafiyan duk sun zo a makare? Tun 2022 aka sa hannu a dokar NHIA da ta wajabta inshorar lafiya. A ra'ayina, duk ma'aikacin da ya kai shekara 45 ya kamata asibitin da ya yi rajista ya zaunar da shi a yi maganar gwajin jinin PSA, kuma a samar da gwajin da na'urar hoton ciki a manyan asibitocin ƙananan hukumomi.

Na san wasu likitoci za su ce PSA na yaudara. Gaskiya ne, yakan hau saboda kumburin tsufa ko ƙwayar cuta, kuma wani dajin tafiyar hawainiya yake yi, sa ido kawai yake buƙata. Amma wannan hukunci likita ne zai yanke bayan ya duba ka. Zama a gida ba ya yanke shi.

Don haka, ɗan'uwa, idan ka kai 45, ko mahaifinka ko yayanka ya taɓa yin wannan ciwo, ka je ka tambayi likita. Idan ka ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, kada ka jira albashi ya shigo. Iyaye mata da 'yan'uwa mata, ku matsa wa mazajenku da iyayenku, sun fi jin maganarku fiye da tamu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Likitocin da ke cikinmu, bismillah, ku ƙara mana haske a ƙasa.