Ƙungiyar gama kai: wa ke riƙe da littafin?

Ƴan'uwa manoma, tsofaffinmu na Magarya da Matamai ba su manta da UNCC ba, wadda gwamnati ta kafa a shekara ta 1962. Ita ke ba da bashin iri da kayan noma, ita ke awon gujiya, SONARA ta kwashe. Bayan ciniki a raba ma manoma rarar kuɗi. Amma in mutum guda ya ƙi biyan bashi, sai a cire daga rarar gari duka. Kuma manomi kaɗan ne ke iya karanta abin da aka rubuta wurin awo. Shi ya sa mutane suka ɗauke ta kayan gwamnati. Farin 1973 ya karya gujiya, daga baya ita ma UNCC aka rushe ta.

Dokar 1996 ta ba manoma damar kafa ƙungiyarsu da kansu. Dokar OHADA ta 2010 ta ce mutum 5 ma sun isa su kafa ƙarama. Wannan gyara ne mai kyau, amma a ganina takarda ba ta ƙara ma gida ko dala.

Ina kuɗinmu ke zubewa? Da kaka. Mai gida na da bashi, ga biki, ga tufafin yara, sai ya kai wake kasuwa ranar da kowa ya kai nasa. Da bazara ya sayi hatsi da tsada wurin wanda ya saye shi da araha. Nan ne ƙungiya ke da amfani. A tara buhuna cikin sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi guda wurin ƙungiya, guda wurin asusun da ya ba da bashi. Manomi ya karɓi kuɗi ya yi kiwo ko noman rani. In farashi ya hau a buɗe, a biya, saura nasa ne. Wata shekara farashi ba ya hawa, kuma ƙwari na cin waken da ba a adana da kyau ba; a san da wannan tun farko.

Abin da ke kashe ƙungiya shi ne shugaba, magatakarda da ma'aji duk ƴan gida ɗaya. Ku da kuka gama yaƙi da jahilci, maza da mata, ku nemi a karanta littafin kuɗi da ƙarfi gaban taro: buhu nawa suka shiga, na wa, jika nawa aka karɓa. Kowa ya rubuta nasa, ya riƙe takardarsa har ranar buɗe sito.