Amanar da aka damƙa wa makaranta

Ran 7 ga watan Janairu na shekara ta 2023, wani yaro ɗan kwaleji mai shekara 13 ya kashe kansa a Golbey, wani ƙaramin gari da ke gabashin ƙasar Faransa. Iyayensa sun bayyana cewa ƴan makarantarsu sun yi watanni suna zaginsa, suna yi masa ba'a, saboda an san maza yake so. Sun ce kuma sun kai kuka wurin shugabannin makarantar tun kafin abin ya kai ga haka.

A watan Yuni na shekarar, kotun yara ta Épinal ta sami ɗalibai huɗu da laifin tsangwama, amma ba ta ɗora musu alhakin mutuwar ba. A watan Nuwamba, kotun ɗaukaka ƙara ta Nancy ta wanke su. Sai a ƙarshen 2024 ne binciken ma'aikatar ilimi ya tabbatar da cewa lalle an tsangwami yaron, kusan shekara biyu bayan rasuwarsa.

Alhali kuwa doka tana nan. Tun ran 2 ga watan Maris na 2022 Faransa ta mai da tsangwamar ɗalibi laifi, wanda hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 10 da tarar yuro 150,000, wato kusan miliyan 100 na sefa, idan wanda aka tsangwama ya kashe kansa ko ya yi yunƙurin haka. Wata goma bayan kafa dokar yaron ya mutu. Alƙali bayan ɓarna yake zuwa. Wanda ke tsaye a filin makaranta lokacin da ake zagin, mushe ne da sirbeyan.

Amurka ta riga ta gane haka. A jihar Wisconsin, Jamie Nabozny ya sha duka da wulaƙanci shekara da shekaru a makaranta a kan irin wannan dalili, shugabanni suna ji suna gani. A 1996 kotu ta kama shugabannin da laifin ƙin kare shi, aka biya shi diyyar dalar Amurka 900,000.

Mai karatu zai iya cewa wannan matsalar Turawa ce. To amma duk wanda ya zauna a bencin lakwal a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san kalmar da ake jifan yaro da ita: ɗan daudu. Ba a jiran hujja. Siririyar murya ta isa, ko ƙin buga ƙwallo, ko taya uwa girki, ko gudun faɗa. Da zarar sunan ya manne, babu mai zama kusa da shi a aji, kuma abokinsa na jiya shi ke fara yi masa dariya don kada a haɗa da shi. Ta haka aji guda ke koyon cewa zaman lafiya sai da kwaikwayon masu ƙarfi. Shi kuwa yaron ba ya iya kai ƙara gida, domin maimaita zagin a gaban mahaifinsa ya fi masa dukan ciwo. Sai makinsa ya zube, ya fara fashi, a kore shi a ce rago ne.

Iyaye da malaman addini suna da matsayinsu a kan wannan al'amari, kuma sananne ne. Sai dai tambayar da ke gaban darakta daban take: yaron da aka damƙa masa da safe, zai koma gida lafiya da yamma? Babu tarbiyyar da ta ba yaro ɗan shekara 14 ikon hukunta ɗan'uwansa. Nijar kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, wadda sashenta na 19 ya wajabta kare kowane yaro daga cin zarafi, na jiki da na zuciya, ba tare da ware wani ba.

Maganin bai buƙatar kasafin kuɗi. Kowace ƙara a rubuta ta da kwanan wata. A saurari yaron a keɓe. A kira iyayen masu zagin, kuma in har sai wani ya bar makarantar, ya zama mai cutar ne, kamar yadda Faransa ta tsara wa makarantun firamare a watan Agusta na 2023.

Ɗan kasuwan da ke biyan kuɗin makaranta, da ma'aikacin da ke duba takardar makin ɗansa, su ƙara da tambaya guda: wa ake yi wa dariya a ajinku, kai kuma me kake yi a lokacin? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.